Hadari Daga Gabas, Ruwa Daga Teku

Tambayi kowane dattijo a Samaru ko Bomo da ke Zariya ta ina hadari ke tasowa, gabas zai nuna maka, kuma ya yi gaskiya. Sai dai ruwan da hadarin ke ɗauke da shi ba ɗan gabas ba ne. Daga tekun Atlantika yake, can kudu maso yamma, bayan Legas. Rana ta doki teku, tururi ya tashi, iskar damina ta kwaso shi ta keta kurmi ta shigo Arewa. Idan ya dunƙule ya zama gajimare, sai wata iska ta can sama, mai kaɗawa daga gabas, ta koro shi yamma. Shi ya sa muke ganinsa ta gabas.

Yau duk wannan tafiya a idon mutane ake yin ta. Tun 1977 Turawa suka fara harba taurarin ɗan'adam masu suna Meteosat, waɗanda ke tsaye kimanin kilomita 36,000 a saman tekun da ke kudu da Ghana. Suna turo hoton Afirka kowane minti 15, sabon da aka harba a Disamban 2022 kuwa kowane minti 10. A hoton za ka ga farin gajimare ya ratsa teku kamar ɗamara. Da hunturu ɗamarar na can kudu. Da bazara ta fara hawowa, ta kawo wa Zazzau ruwa wajen Mayu, ta kai ƙarshen tafiyarta a Agusta lokacin marka, sannan ta juya. A hoton da ke auna zafi, gajimaren da ya fi fari shi ya fi tsawo da sanyi, kuma shi ne mai tsawa da iska. Irinsa kan haɗu da yamma a kan tuddai irin na Jos, ya yi sahu na ɗaruruwan kilomita, yana tafiyar kusan kilomita 50 a awa. Kafin ya iso, masu hasashe sun daɗe da hango shi.

To, a nan akwai abin lura. Wani lokaci akan yaɗa hoton wata ƙatuwar guguwa tana juyi a kan teku a WhatsApp, a ce ga ta nan ta nufo Najeriya. Kada ka tura wa kowa. Irin waɗannan guguwoyi sau da yawa jikokin hadarin da ya riga ya wuce mu ne. Ya fita ta gaɓar Senegal da Gini, ya faɗa teku wajen tsibiran Kef Bad, ya yi ƙarfi, ya nufi Karibiyan da Amurka. Baya suka ba mu.

Abin tsoron yana kusa da gida, kuma manomi ya fi kowa sani. A yi ruwa ɗaya mai ƙarfi a Afrilu, ƙasa ta yi ƙamshi, mutum ya kwashi irin masarar da ya saya da tsada ya zuba. Sai sama ta washe mako biyu, tsiro ya ƙone. Ruwan ba na damina ba ne, ɗan aike ne, ɗamarar ba ta iso ba tukuna. Hukumar NiMet, wadda aka kafa a 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna da lokacin ɗaukewarsa, har da fassarar Hausa. Abin takaici, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke Samaru tun 1922, ga NAERLS ta malaman gona kusa da ita, amma wani yana noma a bayan katangarsu bai taɓa leƙawa ya tambaya ba. Masu cewa hasashe duba ne, su sani awo ne: ruwa na Allah ne, kuma hasashen kan yi kuskure. Ko farin 1973 da na 1984, masana sun danganta su da sauyin zafin ruwan teku.

Mutanen Sabon Gari kuma, ruwan Zariya na shekara kusan milimita 1,000 ne, mafi yawansa cikin Yuli zuwa Satumba yake zuba. Lambatun da aka cika da leda da bola ba zai kai shi kogin Kubanni ba, cikin shaguna da ɗakuna zai juyo da shi. A yashe kwata tun bazara, a ƙara wa kwanon rufi ƙusa, domin iskar da ke gaban hadari ita ke yaye gidaje. Idan gabas ta yi baƙi aka fara walƙiya, a kira yara daga fili da bakin rafi, kada kuma a fake gindin itace ko turken lantarki.