Gudawar jarirai a gidajen reno

A unguwannin Hausawa na Fatakwal, Anacha da Inugu, uwa ’yar kasuwa kan bar jaririnta wurin mai reno da safe. Yara biyar ko shida a tabarma ɗaya, kofi ɗaya, mai renon ta canza wa wannan ƙunzugu, ta juya ta dama wa wancan koko. Ta nan ƙwayar rota mai sa gudawa ke bi, daga kashi zuwa hannu zuwa baki, kuma a Inugu ta fi tsananta lokacin hunturu.

Abin da ke damuna shi ne in gudawa ta kama jariri a ce “ai haƙori ne”, a zauna. Ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa. In maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, fitsari ya ɗauke, a garzaya asibiti. Kafin nan a narka ƙunshin ORS ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da shayarwa, a haɗa da zinc na kwana 10 zuwa 14.

Tun 2022 Najeriya ke ba da rigakafin rota kyauta, ana ɗiga shi a baki a sati 6, 10 da 14 da haihuwa.