Lissafi a Fagen Jinya: Haɗa Gashi da Garkuwar Jiki Wajen Yaƙar Ciwon Daji

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda masana lissafi suke taimaka wa likitoci wajen haɗa hanyoyi biyu na magance ciwon daji, wato sankara. Batun ya shafi unguwanni irin su Tumfure da ke gefen garin Gombe, domin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke garin, wanda ya faro a 1996, yana cikin 'yan asibitocin ƙasar nan da aka sani da gashin sankarar bakin mahaifa.

2.0 Gashi

Kalmar “gashi” tana nuni da wuta, alhali kuwa babu zafin wuta a cikin wannan aiki. Wani haske ne mai ratsa jiki yake kakkarya ƙwayoyin halittar ƙarin har su kasa hayayyafa. Ana auna shi da ma'aunin girai, kuma ana ƙiyasta ɓarnarsa da wannan ƙa'ida:

(1) Ɓarna = aD + bD²

D shi ne yawan hasken da aka bayar a zama guda, “a” da “b” kuwa suna sauyawa gwargwadon irin naman da aka haska. Ke nan idan aka ninka D, ɓarnar ta fi ninki, musamman ga lafiyayyen nama. Shi ya sa ake rarraba gashin, misali girai 2 kullum, kwana 5 a mako, har mako 6.

3.0 Garkuwar Jiki

Fararen ƙwayoyin jini su ne sojojin jiki, amma ƙari yakan yi musu dabaibayi. Magungunan kwance dabaibayin sun samu ne daga binciken James Allison da Tasuku Honjo, waɗanda suka sami lambar Nobel a 2018. Tun 1994 Kuznetsov da abokan aikinsa suka siffanta dangantakar sojojin da ƙari cikin lissafi, tamkar ta mage da ɓeraye: yawan kowanne yana hawa da sauka gwargwadon yawan ɗayan.

4.0 Mahaɗar Hanyoyin Biyu

A 1953 R. H. Mole ya raɗa suna ga wani abin mamaki: tasirin gashi yakan bayyana a sashen jikin da hasken bai taɓa ba. Daga baya aka gane cewa gawarwakin ƙwayoyin ƙarin ne suke nuna wa sojojin jiki kamannin abokin gaba. Sai dai hasken da ya farkar da sojojin shi ne kuma yake kashe su, don ba su jure masa. A nan lissafi yake shigowa. Akan haɗa ƙa'idar gashi da ta mage da ɓeraye a kwamfuta, a jarraba ɗaruruwan tsare-tsare: girai nawa, zama nawa, wanne za a fara bayarwa. Wanda ya fi alamar nasara shi ake kai wa ga gwajin asibiti, domin lissafi hasashe ne kawai.

5.0 Kammalawa

Darasin da ya fi kusa da majinyaciyar Tumfure shi ne na lokaci. Lissafin ya nuna cewa duk ranar da aka tsallake, ko don rashin kuɗi ko don jin sauƙi, ƙwayoyin da suka tsira suna ci gaba da ninkuwa. Isar da wannan bayani cikin Hausa da Fulfulde, da kalmomin da ba su firgita mara lafiya, aiki ne da ya rataya a wuyan masana harshe.