Man Bagamot da Ɓawon Lemu: Amfaninsu a Gida da Abubuwan Kiyayewa

Gabatarwa

Ya kai manomi, da kai malamin gona, idan hanya ta bi da kai ta Durumi a Abuja lokacin hunturu, ka ɗan tsaya wurin mai sayar da lemu a bakin titi. Za ka ga yana fere lemu da wuƙa, ɓawon yana taruwa a gindin baro, da yamma a kwashe shi a zubar a bola. Ka ɗauki ɓawo ɗaya ka matse shi. Wani ruwa mai ƙamshi zai yi tsartuwa, idan ya shiga ido ya yi zafi. Wannan shi ne man ɓawon lemu. Idan kuma ka leƙa shagunan kayan kwalliya na Garki ko Wuse, za ka tarar da irin wannan mai a 'yan ƙananan kwalabe, an shigo da shi daga ƙasashen waje, ana sayarwa da tsada. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna shi ne man bagamot.

Manufar wannan bayani ita ce ka san abin da man bagamot yake, ka gane cewa yawancin aikin da yake yi a gida ɓawon lemunmu ma yana yi, sannan ka san haɗarin da ke tattare da shafa shi a fata a ƙasa mai zafin rana irin tamu.

Mene ne bagamot?

Bagamot wani nau'in lemu ne, sunansa na kimiyya Citrus bergamia. Girmansa kamar na lemun zaƙi, idan ya nuna ɓawonsa ya yi rawaya, amma ruwansa yana da tsami da ɗaci, don haka ba a shansa kamar sauran lemu. Saboda man ɓawonsa ake nomansa. Mafi yawan man da ake sayarwa a duniya yana fitowa ne daga gaɓar teku ta lardin Reggio Calabria a kudancin Italiya, inda ake girbi daga Nuwamba zuwa Maris. A Afirka ta Yamma kuwa, an noma shi a yankin Sassandra na ƙasar Kodebuwa.

Ana samun man ne ta hanyar kankare ɓawon da inji ba tare da an dafa ba. Sai an tara kimanin kilo 200 na 'ya'yan kafin a sami kilo ɗaya na mai, shi ya sa yake da tsada. Shi ne ƙamshin da ake ji a ganyen shayin Earl Grey, kuma yana cikin turaren da Johann Maria Farina ya fara haɗawa a birnin Kolon na Jamus a 1709.

Mu a nan, lemun zaƙi da lemun tsami ne a hannunmu. Jihar Binuwai ce kan gaba wajen noman lemu a Nijeriya, kuma daga can ake lodinsa zuwa kasuwar kayan marmari ta Zuba, daga nan ya watsu zuwa unguwanni irin su Durumi. Sinadarin da ya fi yawa a man lemun zaƙi shi ne limonin, wanda ya kai kashi 90 cikin 100 ko fiye. Bagamot ma yana da shi, tare da wasu sinadarai da suke ba shi ƙamshin fure. Limonin ɗin nan ne yake narkar da maiƙo, shi ne kuma ƙwari ba sa so.

Tanadin ɓawo

Kafin a yi kowane amfani da ɓawo, a bi waɗannan matakai:

1. A wanke lemun da ruwa mai tsabta kafin a fere, domin a rage ƙura da ragowar maganin feshi.
2. A fere sama-sama, a bar farin ɓargon nan na ciki, domin man yana cikin fatar waje ne.
3. A shanya a inuwa inda iska take kaɗawa, a kan tabarma ko faifai. Rana mai zafi tana kore man.
4. Idan ya bushe har yana karyewa, a zuba a kwalba ko gwangwani mai murfi. Duk wanda ya yi fumfuna a zubar da shi.
5. Kada a daka sai ranar da za a yi aiki da shi, domin gari ya fi saurin rasa ƙamshi.

Hunturu ne lokacin da ya fi dacewa, saboda lemu yana da yawa, iska kuma busasshiya ce.

Amfani a cikin gida

Ruwan goge-goge. A cika rabin kwalba da ɗanyen ɓawon lemu, a zuba ruwan khal har ya rufe shi, a toshe a ajiye mako biyu. A tace, a ƙara ruwa daidai yawansa. Yana cire maiƙo a murhu da tebur da tagogi. Mai man bagamot na iya ɗiga ɗigo 10 a rabin lita na ruwan khal da aka surka, a girgiza kafin aiki. Kada a haɗa ruwan khal da bilic ko kaɗan, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke cutar da huhu.

Ƙamshin ɗaki da tufafi. A ƙulle busasshen ɓawo a ƙyalle tare da kanumfari, a sa a akwati ko durowa. Ko kuma a ɗiga bagamot ɗigo biyu a auduga a ajiye a saman kabad, inda yara ba sa kai hannu.

Korar sauro. An saba barbaɗa busasshen ɓawon lemu a kan garwashi da magariba. Hayaƙin yana rage sauro na ɗan lokaci. A yi haka taga a buɗe, a kuma fitar da kaskon kafin a kwanta, domin garwashi a rufaffen ɗaki yana kisa. Wannan dabara ba ta maye gurbin gidan sauro mai magani.

Adana wake

Manomi ya san ɓarnar ƙwaron wake: cikin 'yan watanni buhu ya zama huji da gari. Ya kuma san illar zuba maganin feshi a abinci. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan ragowar maganin daikulobos da aka samu a cikinsa. Tun a 1985 wani masani na Jami'ar Legas, K. N. Don-Pedro, ya wallafa binciken da ya nuna cewa garin ɓawon lemu yana kashe ƙwaron wake. Tururin man ne yake aikin, saboda haka sai a rufaffen mazubi yake tasiri, kuma ƙarfinsa yana raguwa yayin da ƙamshin yake gushewa.

Malamin gona na iya nuna wa manoma wannan da idonsu. A sami kwalabe biyu masu murfi, a zuba mudu ɗaya na busasshen wake a kowace. A gauraya ɗaya da garin ɓawo cikin ƙaramin gwangwanin tumatir, a bar ɗayar haka nan. A rufe su, a buɗe bayan mako shida a gaban jama'a, a ƙirga ƙwayoyin da suka huje cikin ɗari. Dabarar ta dace da waken cefane na gida. Ga mai buhuna da yawa kuwa, buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda yake toshe wa ƙwaro iska, shi ne abin dogaro.

Ƙamshi da kwanciyar hankali

Masu talla suna cewa man bagamot yana maganin damuwa da rashin barci. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane kaɗan sun nuna cewa shaƙar ƙamshinsa na iya sa natsuwa ta ɗan lokaci. Iyakar abin ke nan. Ba ya maganin hawan jini, ba ya maganin ciwon suga, kuma wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya bari saboda ƙamshi. Mai son gwadawa ya ɗiga ɗigo biyu ko uku a kwanon ruwan zafi ya ajiye a gefen ɗaki na kimanin minti 20. Mai asma ya yi hattara, domin ƙamshi mai ƙarfi na iya tayar masa da ciwo.

Kada a sha man, kada a ɗiga shi a shayi ko kunu. Ɗan abin da ke cikin ganyen shayi daban ne da man kwalba. Ko shayin ma yana da iyaka: a 2002 mujallar likitoci ta Lancet ta kawo labarin wani mutum a Ostiriya da yake shan kusan lita huɗu na Earl Grey kullum, har jijiyoyin jikinsa suka riƙa ɗaurewa, bai sami sauƙi ba sai da ya rage.

Fata da rana: babban abin kiyayewa

Nan ne ya kamata ka fi mai da hankali. Man bagamot yana ɗauke da wani sinadari mai suna bagaftin. Idan ya taɓa fata, sannan hasken rana ya same ta, sai fatar ta ƙone. Ba a ganin alamar nan take. Bayan kwana ɗaya ko biyu wurin zai yi ja, ya yi zafi, wani lokaci ya yi bororo kamar ƙunar ruwan zafi. Idan ya warke sai ya bar baƙin tabo da zai iya ɗaukar watanni bai gushe ba, kuma a baƙar fata tabon ya fi daɗewa. Tun a 1916 likitoci suka lura da irin wannan tabo a wuyan matan da suka shafa turare mai bagamot suka shiga rana.

Lemun tsami ma yana da dangin wannan sinadari, a ɓawonsa da ruwansa. Saboda haka al'adar goga lemun tsami a fuska ko a gwiwa don neman hasken fata tana iya haifar da akasin abin da ake nema. Haka nan zuba man bagamot cikin man shafawa da ake haɗawa a gida. Hukumar NAFDAC ta bayyana sauya launin fata a matsayin babbar matsalar lafiya ta ƙasa a 2023, kuma irin waɗannan haɗe-haɗe ƙari ne a kan matsalar. Lemun zaƙi kuwa ba a san shi da wannan illa ba.

Ga ƙa'idojin da za ka isar ga iyali da mata masu haɗa sabulu da man shafawa:

1. Kada a shafa man bagamot zallarsa a fata.
2. Ƙungiyar masu haɗa turare ta duniya, IFRA, ta ƙayyade kada ya wuce kashi 0.4 cikin 100 a abin da ake shafawa a bari a jiki. A ma'aunin gida, ɗigo ɗaya ke nan a cokalin shayi uku na man kaɗanya ko man kwakwa.
3. Idan an shafa wanda ya fi haka ƙarfi, kada rana ta taɓa wurin sai bayan awa 12. Ga mai zuwa gona ko kasuwa, abin da ya fi shi ne ya bari gaba ɗaya.
4. A nemi kwalbar da aka rubuta FCF a jikinta, alamar an cire sinadarin ƙunar.
5. A fara gwadawa a cikin dantse, a jira kwana biyu.
6. Kada a shafa wa jarirai da ƙananan yara. Mai juna biyu ta tambayi ma'aikacin lafiya tukuna.
7. Wanda ya matse lemun tsami da yawa, ko ya yi aikin tsinkarsa, ya wanke hannu da sabulu nan take.

Mai son man shafawa mai ƙamshi ba tare da wannan haɗari ba, ya jiƙa busasshen ɓawon lemun zaƙi a man kwakwa cikin rufaffiyar kwalba mako biyu, ya tace. A tabbatar ɓawon ya bushe sarai, domin danshi yana lalata man.

Idan tsautsayi ya auku: a wanke wurin da sabulu da ruwa, a rufe shi daga rana. Idan ya yi bororo kada a fasa, a je asibiti. Idan ya shiga ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta. Idan yaro ya sha, kada a tilasta masa yin amai, domin man na iya faɗawa huhu. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.

Saye da ajiya

Abu mai tsada ba ya rasa jabu. A duba sunan Citrus bergamia da ƙasar da aka yi shi da ranar lalacewa. A ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda a bar shi ya kwana: idan ya bar da'irar maiƙo kamar ta man gyaɗa, an surka shi. A ajiye a kwalba mai duhu, a wuri mai sanyi, nesa da wuta domin yana kamawa. Man lemu da ya tsufa ya fi sa ƙaiƙayi, don haka wanda ya shekara a buɗe a mai da shi na goge-goge.

Kammalawa

Manomin da yake tunanin shuka bagamot ya fara tuntuɓar Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano, kafin ya kashe kuɗinsa. Amma ɓawon lemu ba ya bukatar jari. Malamin gona ya tattauna da masu sayar da lemu na yankinsa su riƙa tara ɓawo a buhu mai tsabta, ya haɗa su da ƙungiyoyin mata, ya gudanar da gwajin wake a gabansu. A duk taron da ya yi kuma, ya maimaita gargaɗin nan: man bagamot da lemun tsami ba sa haɗuwa da rana a fatar mutum.