Kata: Taskar Kareti Da Wasu Ke Ɗauka Rawa Ce

Kata jerin motsi ne da ɗan kareti yake yi shi kaɗai: naushi, shuri, tarewa da juyi, kowanne a gurbinsa, tamkar yana fafatawa da abokan gaba da ido ba ya gani. Tun da aka bar kareti a waje a gasar Olamfik ta Faris a 2024, kuma bai samu shiga ta Los Anjelis ta 2028 ba, ake ta jin masu cewa dama kata rawa ce kawai, ba a yi asarar komai ba. Mai faɗin haka bai san asalin abin ba.

A Tokyo a 2021, inda kareti ya shiga Olamfik karon farko, Sandra Sanchez ta Sifaniya ta doke Kiyou Shimizu ta Japan a wasan ƙarshe na kata, kuma dukansu biyu katar Chatanyara Kushanku suka yi. A ɓangaren maza Ryo Kiyuna ya ci zinare da Ohan Dai. 'Yan gasa sun fi son dogayen kata irin waɗannan, da Suparinpei da Unsu, domin su ne ke burge alƙalai. A ɗakin horo kuwa, ɗalibin salon Shotokan da Heian guda biyar yake farawa, sannan Bassai Dai, sannan Kanku Dai, wadda malamin kareti Gichin Funakoshi ya fi ƙauna. Ita ce ake buɗewa da ɗaga hannaye biyu a hankali, yatsu a haɗe, ido na bin su zuwa sama.

Abin da aka fi mantawa shi ne kareti ba a Tokyo aka haife shi ba. Ɗan tsibirin Okinawa ne, tsohuwar daular Ryukyu mai hulɗar kasuwanci da Sin, wadda Japan ta haɗiye a 1879. A garuruwan Shuri da Naha da Tomari, malamai a tsakar gida suke koyar da almajirai ƙalilan, ba littafi ba hoto, don haka a cikin kata suke adana iliminsu. Kanryo Higaonna ya yi karatu a Fuzhou ta ƙasar Sin ya dawo da Sanchin, wadda almajirinsa Chojun Miyagi ya mayar ginshiƙin salon Goju-ryu. A Sanchin taku gajere ne, yatsun ƙafa na kallon ciki, numfashi na fita da ƙara, malami kuma yana zagaya ɗalibi yana dukan kafaɗunsa da cinyoyinsa don ya ji ko jikin ya ɗaure. Choki Motobu, wanda ya yi suna wajen faɗa na gaske, Naihanchi ya riƙe, kata marar ƙawa da ake tafiya gefe da gefe a layi ɗaya. Anko Itosu shi ya tsara Pinan biyar a farkon ƙarni na 20 domin yaran makaranta. Da Funakoshi ya kai kareti Tokyo a 1922, daga baya sunaye suka koma na Japananci: Pinan ta zama Heian, Naihanchi ta zama Tekki, Kushanku ta zama Kanku.

A wannan ƙaura ne riƙo da kayarwa da murɗe gaɓa, waɗanda ke ɓoye cikin motsin, suka fara dusashewa. Fito da su a aikace tare da abokin horo shi ake kira bunkai, amma a gasar duniya sai a wasan neman lambar yabo na ƙungiya ake tilasta nuna shi. Sakamakon haka, ana samun mai baƙar ɗamara da ya haddace kata ashirin, bai san amfanin motsi ɗaya ba. Laifin na masu horarwa ne da ke gaggawar raba ɗamara, da hukumomin da ke auna kyan tsalle fiye da fahimta. Ya kamata a sa bunkai cikin kowace jarrabawar ƙarin matsayi, a kuma koya wa ɗalibi sunan malamin Okinawa da ya bar masa abin da yake maimaitawa.