Zargin maguɗi wajen ɗaukar matasan 'yan ƙwallo a Najeriya

Kusan duk lokacin da aka fitar da sunayen yaran da za su wakilci Najeriya a gasar ƙwallon ƙafa ta 'yan ƙasa da shekaru 17, sai raɗe-raɗi su biyo baya, cewa wane ya rage shekarunsa, wane kuma kuɗi aka biya kafin a saka shi. Kaɗan daga cikin waɗannan zarge-zarge sun tabbata, har an yi hukunci a kansu. Mafi yawansu kuwa a bakin jama'a suka tsaya, ba a tabbatar ba, ba a kuma wanke kowa ba.

Maganar ba ta 'yan birni ba ce kaɗai. A garuruwan Madobi da Kura da Bunkure da ke kudu da birnin Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonakin shinkafa da alkama da tumatir, da wuya a ga filin makarantar da ba a buga ƙwallo a cikinsa bayan la'asar. Yaron da ya yi fice a irin wannan fili ya san hanyar da ke gabansa. Daga ƙungiyar unguwa sai wata makarantar horar da 'yan wasa a Kano ko Kaduna ko Jos, daga nan sai gasa irin ta cin kofin Ramat da ake yi a Kano don tunawa da marigayi Janar Murtala Muhammad, sannan sansanin ƙungiyar Golden Eaglets a Abuja, in Allah Ya sa da rabo kuma sai Turai. A kowace ƙofa akwai mai tambayar shekarunsa, a wasu ƙofofin kuma akwai mai jiran a ga hannunsa.

Yadda abin ya samo asali

Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace cin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekaru 17. Ta ɗauke shi sau biyar: a 1985 a China, lokacin da gasar ke ta 'yan ƙasa da shekaru 16, sai 1993 a Japan, da 2007 a Koriya ta Kudu, da 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da kuma 2015 a Chile. Amma tun a farkon wannan tafiya aka sami tabo. A 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta haramta wa Najeriya shiga gasannin matasa har tsawon shekaru biyu, bayan da ta gano cewa ranakun haihuwar da aka gabatar wa 'yan wasa uku a gasar Olympics ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka gabatar musu a gasannin baya. 'Yan wasan su ne Samson Siasia da Andrew Uwe da Dahiru Sadi. Kazalika ƙasar ta rasa damar karɓar baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekaru 20 ta 1991, wadda aka mayar Portugal.

Abin lura shi ne ba likita ba ne ya tona wannan asiri, takardun da hukumomin ƙasar suka aika da hannunsu ne suka ƙaryata juna. Ba Najeriya kaɗai ba ce ta taɓa faɗawa wannan rami. A 1988 an kama Mexico da irin wannan laifi, kuma hukuncin da aka yi mata ya fi tsanani, domin har babbar ƙungiyarta aka hana shiga gasar cin kofin duniya ta 1990.

Shekaru ashirin bayan wancan hukunci, wato a 2009, Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar 'yan ƙasa da shekaru 17, kuma filin wasa na Sani Abacha da ke Kano na cikin filaye takwas da aka yi amfani da su. A wannan gasa ce FIFA ta fara aiki da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI don tantance shekaru. Kafin a fara wasa, an sallami 'yan wasa 15 daga sansanin Najeriya saboda ba su tsallake gwajin ba. Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Ana tsakiyar gasar sai Adokiye Amiesimaka, tsohon ɗan wasan da ya ci wa Najeriya kofin Afirka a 1980, lauya kuma tsohon shugaban ƙungiyar Sharks ta Fatakwal, ya rubuta a jarida cewa kyaftin ɗin ƙungiyar, Fortune Chukwudi, ya taɓa yin wasa a ƙaramar ƙungiyar Sharks tun wajen 2002, kuma tun a lokacin shekarunsa 18. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta musanta zargin, ɗan wasan ya ci gaba da jagorantar ƙungiyar, ta kai wasan ƙarshe a Abuja inda Switzerland ta doke ta da ci ɗaya da nema. Mutane da yawa a lokacin ba su damu da ko gaskiya Amiesimaka ya faɗa ko akasin haka ba. Abin da suka riƙe shi ne ya tona asirin gida a gaban baƙi.

Abin da na'urar ke iya gani

Na'urar MRI ba ta faɗin shekarun mutum. Abin da take dubawa shi ne ƙarshen ƙashin hannu, daidai wuyan hannun hagu, inda yara ke da guringuntsi wanda ta nan ne ƙashi ke ƙara tsawo. Yayin da yaro ke girma wannan guringuntsi na rikiɗa ya zama ƙashi, har ya haɗe gaba ɗaya. Likitoci sun kasa wannan haɗewa mataki shida, kuma duk wanda aka samu a mataki na shida ba ya shiga gasar. Hujjar FIFA ita ce binciken da likitocinta suka wallafa a 2007 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Jiri Dvorak, wanda aka yi a kan samari kusan 500 masu shekaru 14 zuwa 19 daga Switzerland da Malaysia da Aljeriya da Ajantina. Binciken ya nuna cewa da wuya ƙwarai a sami wanda bai kai shekaru 17 ba alhali ƙashinsa ya gama haɗewa.

Sai dai gwajin na da giɓi ta fuskoki biyu. Na farko, samari da yawa masu shekaru 18 ko 19 ƙashinsu bai gama haɗewa ba, don haka tsallake gwajin ba shaida ba ce cewa yaro ƙarami ne. Na biyu, akwai yaran da ke saurin girma, kuma babu ko ƙasa ɗaya ta kudu da Sahara a cikin ƙasashe huɗun da aka yi binciken. A 2013 an cire Abuchi Obinwa daga sansanin Golden Eaglets bisa sakamakon gwajin, alhali a Amurka aka haife shi kuma yana da cikakkun takardun haihuwa na can. Ke nan na'urar na iya barin babba ya wuce, ta kuma tare ƙarami.

Amma ko da giɓin nata, ta sauya al'amura. A watan Agustan 2016, ana gab da karawa da Jamhuriyar Nijar a wasan share fage, 'yan wasa 26 daga cikin 60 da aka gwada a sansanin Najeriya suka faɗi. Da ragowar aka ci Nijar ɗaya da nema a Abuja, ita kuma ta rama da ci uku da ɗaya a Yamai, ta fitar da masu riƙe da kofin duniya. Nijar ta ci gaba har ta sami gurbi a gasar duniya ta 2017 a Indiya, karo na farko a tarihinta. Adalci ne kuma a ambaci cewa nasarorin Najeriya na 2013 da 2015 an same su ne bayan fara wannan gwaji, kuma daga cikinsu ne Kelechi Iheanacho da Victor Osimhen da Samuel Chukwueze suka fito. A wasu ƙasashen ma labarin ɗaya ne. An soke sakamakon Guinea a gasar Afirka ta 2019 saboda takardun 'yan wasa biyu, aka bai wa Senegal gurbinta, sannan a ƙarshen 2022 'yan wasan Kamaru 21 cikin 30 suka faɗi gwajin da hukumar ƙasar ƙarƙashin Samuel Eto'o ta sa aka yi.

Me ya sa ake rage shekaru

A kasuwar 'yan wasa ƙuruciya kuɗi ce. Ƙungiyoyin Turai na sayen abin da suke fatan yaro zai zama nan gaba, don haka ɗan shekara 18 ya fi ɗan shekara 23 tsada ko da iyawarsu ɗaya. A gefe guda kuma sashe na 19 na dokokin FIFA kan sauya sheƙa ya hana a fitar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekaru 18, sai a wasu 'yan yanayi da aka keɓe, kamar idan iyayensa sun yi ƙaura saboda dalilin da ba na ƙwallo ba. Mutanen Kano sun ga aikin wannan doka a 2010, lokacin da Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallaye 18 a gasar ƙasa, ƙungiyar VVV-Venlo ta Holland ta saye shi, amma sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba kafin a ba shi izinin buga wasa. Saɓa wa wannan doka ce ta sa aka hana Barcelona sayen 'yan wasa a 2014, da Real Madrid da Atletico Madrid a 2016, da Chelsea a 2019.

Idan aka haɗa waɗannan abubuwa biyu, sai a ga cewa shekaru 17 zuwa 18 su ne lokacin da ɗan wasa ya fi daraja a wurin dillali. Matashin da ya shafe shekaru yana jiran a gan shi, har ya kai 22, yakan sami mai ba shi shawarar ya koma baya. Yin hakan kuma ba shi da wahala a ƙasar da rajistar haihuwa ba ta game ko'ina ba. Dokar 1992 ta wajabta yi wa kowane jariri rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekaru biyar ke da rajista, kuma karkarar Arewa na cikin wuraren da abin ya fi ƙaranci. Wanda ba shi da takardar haihuwa sai ya je kotu ya yi rantsuwa a kan shekarunsa, da wannan takarda kuma ya yi fasfo. Wannan ce ta sa zargin ke da wuyar tabbatarwa, kuma yake da wuyar ƙaryatawa. Yaron Madobi da aka haifa a gida, wanda da gaske shekarunsa 15, ba shi da wata hujja da ta fi ta wanda ya yi sojan gona ya shigo da shekaru 21. A filin gwaji kuwa, mai ƙarfin jiki ake fara gani.

Kuɗin gurbi

Zargi na biyu shi ne na sayar da gurbi. An daɗe ana cewa wasu masu horarwa na karɓar na goro daga dillalai don su saka 'yan wasansu, tun da ɗan wasan da ya taɓa sa rigar ƙasa farashinsa na tashi. Shaida mafi ƙarfi a kan haka ta fito ne a 2018, lokacin da wani bidiyon sirri na ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas ya nuna Salisu Yusuf, tsohon mai horar da Kano Pillars wanda a lokacin ke cikin masu horar da Super Eagles, yana karɓar dala 1,000 daga 'yan jaridar da suka yi basaja a matsayin dillalan 'yan wasa biyu. Ba gasar yara ake magana a kai ba, ta 'yan wasan da ke bugawa a gida ce ta CHAN. Salisu Yusuf ya ce kyauta ce aka ba shi, kuma cancanta ce ta sa aka zaɓi 'yan wasan. Kwamitin ɗa'a na NFF ya dakatar da shi shekara guda tare da tarar dala 5,000.

A Amurka ma, inda jami'o'i ne hanyar zuwa ga manyan ƙungiyoyi a wasan zari-ruga irin nasu, an shafe shekaru ana fama da zargin cewa attajirai magoya baya na saye wa jami'arsu ɗalibai 'yan wasa a ɓoye. A 1987 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta soke ɗaukacin kakar wasan jami'ar Southern Methodist da ke jihar Texas saboda haka. Daga baya dokar ce ta sauya: tun 2021 ɗalibai na iya samun kuɗi da sunansu, a 2025 kuma kotu ta amince jami'o'i su biya su kai tsaye. A can an fito da kuɗin fili ne, rigimar ta ragu. Shekaru kuwa ba abin da za a halatta ragewa ba ne, don haka wannan mafita ba ta da amfani a nan.

Akwai kuma wata asara da ba a cika magana a kanta ba, wadda ke faɗawa kan ƙananan ƙungiyoyin da suka reni ɗan wasa. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekaru 12 zuwa 23. A cinikin euro miliyan 10, euro dubu 500 ke nan. A 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a birnin Paris don biyan waɗannan kuɗaɗe kai tsaye, amma yana aiki ne da abin da ke rubuce a rajistar hukumar ƙasa, ƙungiyar da ba ta yi wa yaronta rajista ba kuma ba ta cikin lissafi. Ko da ta yi, rage shekaru na cinye rabonta. Idan ɗan wasa ya buga wa wata ƙungiyar Bunkure daga shekara 13 zuwa 17, daga baya aka zaftare masa shekaru huɗu, a takarda ya buga mata ne daga shekara 9 zuwa 13, kuma uku daga cikin shekaru huɗun sun faɗa ƙasa da iyakar da ake fara biya.