Anne Golon da sana'ar saƙa soyayya cikin tarihi

Akwai wani irin littafi da ke haɗa abu biyu: labarin masoya da marubuci ya ƙaga, da zamanin da ya shuɗe wanda ba shi da ikon sakewa. Cikin waɗanda suka gwanance ga wannan sana'a a ƙasar Faransa, Anne Golon tana sahun gaba.

An haife ta a Tulon cikin shekara ta 1921. Aikin jarida ya kai ta ƙasar Kongo, can ta gamu da wani masanin ma'adinai ɗan asalin Rasha, Serge Golon, suka yi aure. Da suka koma Faransa hannunsu babu kauri, sai suka maida alƙalami abin neman tuwo. Littafin farko na Angélique ya fito a Faransa cikin 1957, na 13 kuma cikin 1985.

Aikin yakan soma ne daga ɗakin ajiyar littattafai. Maigidan ya taimaka wajen tono takardun zamanin sarki Luwi na 14, wanda ya yi mulki daga 1643 zuwa 1715, ita kuwa ta riƙe rubutu. Tilas marubuci ya san suturar mutanen da, da abincinsu, da kwana nawa keken doki ke yi tsakanin gari da gari, da yadda ake gaida sarki. In ya kuskure ɗaya, masana su kama shi. In ya cika labari da bayani, mai karatu ya aje littafi. Dabarar ita ce a sa tarihi ya zama shingen da ke raba masoya. Haka aka raba Angélique da mijinta, bayan da aka tuhume shi da sihiri, har neman shi ya kai ta fadar Mulai Isma'il a Maroko. Ita da mijin ƙage ne, amma sarakunan biyu sun rayu da gaske.

Sai dai ɗaukaka ba ta hana ƙunci ba. An buga sunan mijinta tare da nata bisa littattafan, alhali ita ke rubutawa. Ya rasu cikin 1972, ta ci gaba ita kaɗai. An fassara aikinta cikin harsuna da dama, an yi silima 5 da shi tsakanin 1964 da 1968, duk da haka ta yi shekaru tana shari'a da masu buga littattafanta kamin haƙƙinta ya dawo hannunta. Ta rasu a Versailles cikin 2017.

Matashin da ke sha'awar wannan sana'a ya riƙe darasi biyu: ya binciki zamanin da zai rubuta da haƙuri, ya kuma karanta takardar yarjejeniya da natsuwa kamin ya sa hannu.