Me ya sa shafin Hausa kan tsaya a labarin jiya alhali na Faransanci ya canza?

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, tambayar shafukan intanet masu harsuna biyu ta ƙara nauyi. Da yawa daga cikin irin waɗannan shafuka ba mutum ke fassara su ba, na'ura ce. Sai dai akwai wata matsala da ba laifin fassarar ba ce: a gyara sanarwa a Faransanci da safe, mai karatu a Damagaram ya buɗe ta Hausa da yamma, ya tarar da tsohon bayani.

Asalin abin yana ga yadda shafi ke isowa cikin waya. Babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin tana iya zama a Faransa ko Amurka. Don kada kowane mai karatu ya jira saƙo daga can, kamfanoni irin su Akamai, da aka kafa a 1998, da Cloudflare suna ajiye kwafin shafuka a wurare masu yawa kusa da jama'a. Wannan tsari shi ake kira CDN. Kamar ɗan kasuwar Maraɗi ne da ya cika magaza da kaya, ba sai ya koma tashar ruwa duk lokacin da aka nemi buhu ɗaya ba. Ga mai raunin rezo, wannan babban sauƙi ne.

Kowane kwafi yana da wa'adi: mintoci, awoyi, wani lokaci kwanaki. Kafin wa'adin ya cika, ma'ajiyar ba ta tambayar ko an canza wani abu. Fassarar ma ajiye ta ake yi, domin masu sayar da aikin fassarar na'ura kan yi lissafi bisa yawan haruffa ko kalmomi, ba mai son biyan kuɗin jimla ɗaya sau dubu. Ke nan ma'ajiya biyu ce, ɗaya bayan ɗaya. Mai kula da shafi ya share tsohon kwafin Faransanci, ya manta da na Hausa, sai ya ci gaba da yawo. In labarin ƙwallo ne, da sauƙi. In ranar jarrabawa ce aka ɗage, ko wurin rigakafi aka canza, wani zai yi asarar kuɗin mota.

Matsala ta biyu ita ce rikicewar harshe. Wasu shafuka adireshi ɗaya gare su ga dukan harsuna, suna zaɓar harshe bisa abin da wayar mai karatu ta nuna. In ba a sanar da ma'ajiyar ta bambanta ba, harshen wanda ya fara buɗewa shi za ta adana, ta riƙa miƙa wa duk wanda ya biyo baya. Maganin da ya fi inganci shi ne kowane harshe da adireshinsa, misali /fr/ da /ha/, kuma duk gyaran da aka yi wa asali a share kwafin fassarorinsa a lokaci guda.

Fassarar da mutum ke yi da kansa a cikin Chrome daban take. Google Translate, wanda ya ƙara Hausa a 2013, yana aiki ne kan rubutun da ya riga ya sauka a waya, don haka in na Faransancin sabo ne, fassarar ma sabuwa ce, ko da Hausar tata ta yi ɗingishi.

Mai karatu kuwa, in sanarwa ta shafi rana, kuɗi ko wuri, ya duba ranar da aka sabunta ta, ya gwada da ta Faransanci. Sake loda shafi yana iya share kwafin da ke cikin waya, amma sau da yawa ba ya taɓa wanda ke ajiye a CDN. Wannan sai mai shafin ya share, ko wa'adinsa ya ƙare.